Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Inna ta shiga ajin koyon addini da furfura a ka da sanda a hannu. Ni na kai ta da ƙafata, kuma ba zan yi ƙarya in ce wani haske ne ya sauko mata ba. 'Yarta da ta mutu take so ta sake gani, an kuma ce mata ta nan hanyar ta bi.

Mu mutanen wani ƙauye ne a bayan Gadaka. Mahaifina manomi ne, ya rayu ya mutu a kan abin da ya tarar iyayensa suna yi, bai taɓa sa ƙafa a coci ko masallaci ba. Ni da ƙanwata makaranta ce ta mai da mu 'yan Katolika. Bai hana mu ba. Cewa ya yi in dai za mu riƙa dawowa noma da damina, to mu bi duk wanda muka ga dama. Lokacin da ya rasu ina koyarwa a wata firamare a Potiskum, ga mata ga 'ya'ya, sai na je na ɗauko Inna ta dawo wurina. Ta zo da ƙullin kayanta da tabaryarta, wai tabaren birni ba su da nauyi, ta zauna a ɗakin da ke kusa da ƙofa tana ƙorafin ƙarar tireloli da tsadar itace.

Ba a daɗe ba ƙanwata ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta. A maƙabarta Fada, limamin cocinmu, ya yi magana mai tsawo da Hausa. Hausar Inna kuwa ta kasuwa ce, ta gaisuwa da tayin gishiri, don haka muna dawowa gida ta tsare ni a tsakar gida ta ce in faɗa mata da yarenmu abin da mutumin nan mai doguwar farar riga ya ce. Na ce cewa ya yi wanda aka yi wa baftisma mutuwa ba ta raba shi da nasa har abada, akwai ranar da za a sake haɗuwa.

"Wanda ba a yi wa ba fa?"

Na shiga kame-kame. Na ce Allah ne masani, jinƙansa ya fi tunaninmu faɗi, babu wanda ya ce an rufe wa kowa ƙofa. Duk gaskiya ne, haka aka koya mini. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ita ba ta kama hanya da "wataƙila". Ƙofar da 'yarta ta bi ita za ta bi, in je in gaya wa mutanen cocin su zuba mata ruwan.

Ruwan kuwa ba haka kawai ake zuba wa babba ba. Sai ya shiga aji ya koyi tambaya da amsa, ya ci jarrabawar baka gab da Ista, sannan a miƙa shi gaban Fada. Ajin a bayan coci yake, ƙarƙashin dogon yaro, ran Asabar da yamma da ran Lahadi bayan an tashi sujada. Shekarun nan ne da ba a shiga harabar coci da jaka, sai an laluba mutum a bakin ƙofa. Kullum sai masu gadi sun sa Inna ta kwance ƙullin da ke bakin zaninta, kullum kuma goro ne a ciki. Takan zauna a ƙarshen benci cikin yara, har da 'yata ta fari, wadda aka yi wa baftisma tun tana jaririya, yanzu take shirin fara karɓar Jibin Ubangiji, gurasar nan mai tsarki da ake bayarwa a coci.

Mai koyar da ajin shi ne Katikis. Gajere ne mai muryar mutum biyu, kullum cikin farar riga mai karin guga. Yana riƙe da tsumagiya, amma ban taɓa ganin ya taɓa yaro da ita ba, benci yake bugawa don a haɗa baki. Ɗan yankinmu ne, yarenmu ɗaya, sai dai in yana cikin harabar coci ko gaisuwa ka yi masa da yare, da Hausa zai amsa. An ce yana saurayi mahaifinsa ya ɗaure shi a turke ya yi masa dukan kawo wuƙa saboda ya ƙi cin naman da aka yanka wa tsafi. Na yarda da labarin, don har ya tsufa duk abin da ya fito daga ƙauye warin tsafi yake yi masa. Zan kuma ba shi haƙƙinsa tun yanzu, kafin zuciyata ta hana ni. Shi ya riƙe cocin nan lokacin da mutane ke kwashe kaya suna barin gari, shi ya binne matattu a ranakun da ba mai son leƙa waje.

A gida 'yata ce malama. Da yamma sai su baje a tabarma suna ɓarar gyaɗa, yarinya tana tambaya tana hura hanci, tsohuwa tana amsawa.

"Kaka, ba haka ba ne! Sake!"

"Ji min 'yar nan. Jiya-jiya nake share mata majina, yau ta zama malamata."

Tunda ba ta karatu, sai ta mai da amsoshin waƙa, irin wadda mata ke yi a kan dutsen niƙa. Wa ya halicce ta, don me ya halicce ta, dokoki goma, sakramenti bakwai, duk suka shige ciki suka zauna. Da sassafe kana kwance za ka ji ta tana shara tana rera dokokin Allah da muryar lallashin jariri. Hausarta ba ta gyaru ba, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta, yara suna dariya ita ma tana taya su.

Abin da ya ba ni mamaki, wuraren da na zaci za ta yi tuntuɓe lafiya lau ta wuce su. Ni na shafe shekaru ina gumi a ɗakin malamai, abokan aikina Musulmi suna tsokanata da maganar Allah ɗaya cikin uku. Inna da aka gaya mata sai ta nuna murhu da haɓa, ta ce duwatsu uku, wuta ɗaya, ina abin wahala? Na ce ai ba daidai haka ba ne. Ta ce, "Kai dai boko ya cika ka da surutu." Zunubin gado ma bai dame ta ba, ta ce ta san gidajen da mugun hali ke bin jini tun kaka da kakanni. Maryamu kuwa, tun ranar da Inna ta ji cewa a kan idonta aka kashe mata ɗa, ta ɗauke ta ƙawa. In za ta wuce siffarta da ke bakin coci sai ta tsaya ta ɗan rusuna ta ce mata, "Ya haƙuri?" kamar yadda ake yi a gidan rasuwa.

Ranar da suka kai tashin matattu ba ta jira a dawo gida ba. Ta ɗaga sandarta sama yadda ta ga yara na ɗaga hannu.

"Malam, da jiki za a tashi? Wannan jiki?"

"Da jiki, Mama."

"Mai wushirya zai tashi da wushirya?"

Yara suka fashe da dariya. Ƙanwata tana da wushirya. Katikis, wanda ya tsaya a kan kabarinta tare da mu, bai yi dariya ba. Ya buga benci aka yi shiru, ya ce mata e, za ta gane 'yarta. Ran nan Inna ta ci tuwo har ta nemi ƙari, abin da ba ta yi ba tun ranar rasuwar.

Matsalar ta ɓullo ne daga tambayar da ta fi kowace sauƙi a ajin: wane ne mutum na farko da Allah ya halitta? Sunan mutumin nan shi ne sunan mahaifina. Ba sai na rubuta shi ba, kowa ya san shi, kuma a ƙauyenmu har waɗanda ba sa salla suna sa wa 'ya'yansu irin waɗannan sunaye. Inna kuwa tun da ta shiga ɗakinsa ba ta taɓa furta shi ba, a gabansa ko a bayan idonsa, yana raye ko bayan ya mutu. In wani yaro a unguwa yana da sunan, mai sunan maigida take kiransa. Ni ma da nake ɗan fari ban taɓa jin nawa sunan a bakinta ba, "kai" ne ko "wannan", kuma ban taɓa jin an rage ni da komai ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wannan. Hausawa da Fulani da Ngizim da Karai-Karai, babu wanda sai an yi masa bayani.

A gida in 'yata ta zo kan tambayar, Inna takan ce "mai sunan kakanki", su wuce ta gaba. Ni ma ban ɗauki abin a bakin komai ba.

Ranar jarrabawa ta zo cikin zafin bazara. Ana kiransu ɗaya bayan ɗaya su tsaya gaban Katikis, sauran suna zaune suna ji, mu iyaye muna tsaye daga baya muna fifita. Da aka zo kan Inna ta amsa ta farko, ta amsa ta biyu, har da ɗan karin waƙarta. Ta yi alamar gicciye ba ta juya hannu ba. Ta kawo addu'ar da Yesu ya koyar tun daga farko har ƙarshe. Sai ya tambaye ta mutumin farko.

"Mai sunan maigidana."

"Sunansa nake tambaya, Mama."

"Ai ka san shi. Mijin matan nan da maciji ya ruɗe."

"Na san shi. Ke nake so ki faɗa."

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Ya jira, ya sake tambaya, ya buga benci. Yara sai raɗa mata suke yi, a zatonsu mantawa ta yi. Daga ƙarshe ya ce ta je ta zauna, sai baɗi in Allah ya kai mu. 'Yata ta ci tata jarrabawar, aka ɗinka mata farar riga. Inna ce ta ɗaura mata ɗankwali ranar, ta kuma zauna a benci tana kallo sa'ad da jikarta ta tashi ta bi layin karɓar Jibin Ubangiji.

Na bari zuciyata ta ɗan huce, sannan na sami Katikis a gidansa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ka san abin nan ba rashin sani ba ne. Kunya ce."

Ya ce ya sani sarai, shi ya sa ma ya tambaya. Abin da muke kira kunya, in ji shi, tsoro ne ya sa riga. Tsofaffinmu suna ɓoye sunan matacce ne don kada ya ji ya dawo, wanda kuma ke tsoron matattu bai gama yarda cewa Yesu ya ci nasara a kan mutuwa ba. Shi ba zai zuba ruwa mai kyau a tulun da ba a wanke ba. Na ce ai tun mutumin yana da rai ba ta faɗa, wane matacce take tsoro a lokacin? Ya ce igiyar ɗaya ce, ni ne ban ga inda aka ɗaure ta ba.

A daidai nan matarsa ta leƙo ta ce, "Baban yara, an kai ruwan wanka."

Da na yi shiru da ya fi. Amma ni bakina ba ya riƙe magana, halin da Inna ta sha yi mini faɗa a kansa ke nan. Na ce, "Baba, Mama ma na ji ba ta kira sunanka ba. Ita wa take tsoro?"

Fuskarsa ta canja. Ya ce matarsa an yi mata baftisma tun tana goye, ba ta da abin da za ta tabbatar wa kowa. Ya miƙe ya shige ciki ya bar ni a durƙushe. Tun daga ranar maganar ta tashi daga ta addini ta koma ta girma, kuma dattijo in an taɓa girmansa a kunnen matarsa, to sai dai Allah. Na san na ƙara wa wutar itace. Amma gaskiya na faɗa, kuma ko yau aka sake zaman zan iya maimaita ta.

Na je wurin Fada. Saurayi ne mai fara'a, daga nesa aka kawo shi, ga ƙauyuka birjik a wuyansa, yau yana hanyar Damagum gobe yana ta Gadaka. Ya saurare ni yana satar kallon agogo. Ya ce shi kam bai ga laifi ba, wannan ba ya cikin abin da ake tambayar mutum a bakin ruwan baftisma. Amma ba zai tsallake Katikis ba, domin Katikis ya fi shi sanin mutanen nan. Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai, don gaskiya ce. Ya san mu ɗin ne, shi ya sa ya san inda zai danna ya yi zafi. Fada ya ce in ƙara haƙuri zai yi masa magana. Ko ya yi ko bai yi ba, ban sani ba. Kafin damina ta faɗi an ɗauke shi an kawo wani, shi kuma sabon sai da ya fara da koyon hanyar kasuwa.

Inna ta koma benci da sabbin yara, waɗanda suka fi na bara ƙanƙanta. Yanzu ita ke raɗa musu amsa in sun kakare, ita ke raba su in sun yi faɗa a kan wurin zama, tana tsakura musu ƙuli-ƙuli daga bakin zani. Ƙanin mahaifina ya zo daga ƙauye sayar da wake, ya ji labari, ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce matar yayansa ta bar na gida ba ta kama na dawa ba, tsohuwa da makarantar yara. Inna ta zuba masa fura ta ce ya sha ya kama hanya kafin motar Gadaka ta cika.

Jarrabawar shekara ta biyu ba ta da wani labari. Ya yi mata tambayoyin da bai yi wa kowa ba, ta amsa duka. Ya bar waccan a ƙarshe, kamar mahauci da ya ajiye ƙashi a ƙasan tire. Ta ce mai sunan maigidanta. Ya ce sai baɗi.

Muna da maƙwabciya, Hajiya, matar wani dillalin shanu, asalinsu Kanawa ne. Ita ke shigowa hira wurin Inna da rana, suna tsince wake suna zagin matan zamani, rabin maganar da hannu. Ranar da ta ji abin da ake ciki ta riƙe baki, ta juyo kaina.

"Sunan miji? A gaban yara? Haba Malam! Wane irin malami ne wannan naku?"

Kunya ta rufe ni, irin wadda mutum ke ji in baƙo ya ga dattin ɗakinsa. Matar da ba ta taɓa leƙa coci ba ta gane uwata nan take, mutumin da ya sha nono da yarenmu kuwa ya ƙi. Na tsani ranar, na tsani yadda na tsaya ina murmushin yaƙe ina cewa ai kowane gida da irin nasa.

Da na ga babu mafita sai na koma lallashin Inna. Na ce ba fa Baba take kira ba, wani mutum ne can a farkon duniya, suna ne kawai ya zo ɗaya. Ta ce baki bai san wannan ba, in ya fito ya fito. Na ce Allah ya san zuciyarta. Ta ce to in ya sani, me ya sa yaronsa bai sani ba? Ta ci gaba da tsintar wakenta, ni kuma na ɗauki takalmina na fita.

Da sanyin shekarar ta kwanta da tari mai tsanani. Ta rame, sanda ta daina isarta, sai an riƙe ta za ta kai bayan gida. Na zauna a bakin gadonta na gaya mata kada ta damu, koyarwar ta ce in mutuwa ta matso kowa zai iya yi wa mutum baftisma, ko ni da ruwan randa. Ta dube ni ta ce, "In ta zo kana makaranta fa? In ta zo ina barci fa?" Ta ce ban da haka ma, ita da ta daɗe zaune a bakin ƙofa ba za ta shiga ta taga kamar ɓarauniya ba. Allah ya sa ta tashi. Amma ta leƙa bakin kabari ta ga abin da ta gani, kuma daga nan waƙar shara ta tsaya. Amsoshin suna nan a kanta, sai dai yanzu a bushe take faɗarsu.

Da jarrabawa ta uku ta zo, da safe ta kira ni ta ce in tare mana keke mai ƙafa uku, ƙafarta ba za ta kai ba. Ta ce kuma kada jikarta ta biyo mu. Ban tambaye ta dalili ba. Ta yi wanka, ta shafa mai, ta ɗaura zaninta na zuwa biki.

Ita ce ta ƙarshe da aka kira. Wata mata ta riƙe ta har gaban Katikis, ta tsaya ta dogara sanda da hannu biyu. Ya fara daga dokoki, ta kawo su. Ya shiga sakramenti, ta kawo su. Ya tambaye ta abin da baftisma ke wankewa, ta faɗa. Sannan ya ɗora tsumagiyar a kan cinya ya ce, "To Mama, wane ne mutum na farko da Allah ya halitta?"

Iyayen da ke tsaye duk sun san labarin, wasu matan suka sunkuyar da kai tun kafin ta buɗe baki. Wata tirela ta wuce a titi tana girgiza ƙasa, aka jira ta yi nisa. Sai na ga leɓen Inna ya motsa. Daga inda nake ban ji sauti ba, amma na san ta faɗa, don matar da ke riƙe da ita ta runtse ido. Katikis ma ya ji, yana kusa da ita kamar ni da hannuna.

Ya ce, "Ɗaga murya, Mama. Yara ba su ji ba."

Ban san na taka gaba ba sai da wani ya riƙe mini riga ta baya. Inna ta ɗago kai. Ba shi ta kalla ba, sama da kansa ta kalla. Ta faɗi sunan da ƙarfi, da harshen ƙauyenmu, yadda abokansa ke jan shi in suna kiransa daga bakin gona. Tun da nake ban taɓa jin muryarta ta ɗauki wannan sunan ba, kuma sai na ji kamar an yaye mata zani a kasuwa. Da ta faɗa sai ta juya ta dubi ƙofar harabar, ta ɗan tsaya a haka, kamar wadda ta yi kira take jiran a amsa.

"Madalla!" in ji Katikis. "Ku tafa wa Kaka."

Yara suka tafa, da murnarsu, don su a ganinsu yau Kaka ta tuna.

An yi mata baftisma ran Asabar ɗin Ista, da rana tsaka, don a shekarun nan ba a taron dare. Fada ya tambaye ta ko ta rabu da Shaiɗan, ko ta ba da gaskiya ga Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ta amsa, ya zuba ruwan. Babu wanda ya tambaye ta mutumin farko. Matan zumuntar coci suka yi guɗa, Katikis ya zo ya riƙe hannunta yana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse. Ba ta daɗe sosai ba bayan haka, muka binne ta a maƙabartar da 'yarta take. Ta sami abin da ta zo nema, kuma na ba da gaskiya ta same shi ɗin.

Har yau ina zuwa coci, 'ya'yana duk sun bi ta ƙarƙashin dogon yaron nan. Katikis ya rasu, na je jana'izarsa, har kafaɗata na sa aka ɗauki akwatin. Kullum ina yin addu'ar da ke cewa a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi. In na iso wurin bakina yakan wuce, zuciyata kuwa sai ta ja ta tsaya. Na kai maganar gaban Fada a wurin furta zunubi ba sau ɗaya ba, an ce in yi masa addu'a, na yi. Ban yafe ba tukuna.

Ranar jarrabawa ta ukun, a keken da ya dawo da mu, Inna ta riƙe ƙarfen gefe tana kallon waje, muka wuce masu lemo, muka wuce masu faci, muka tsaya garken shanu ya tsallaka titi. Na ce mata sannu Inna, an gama, kin ci. Ba ta juyo ba. Sai da muka kusa kwanar gidanmu ta yi magana, da yarenmu, a hankali, har mai keken ya waiwayo yana zaton da shi ake.

"Duk zaman da muka yi da mutumin nan, ko sau ɗaya bai ji na kira shi ba. Da na san zan faɗa, da shi na faɗa wa."